Katin gargaɗi ɗaya ma sayar da wasa ne?

Tambaya: Ƙanina yana buga wa wani kulob ƙwallo, watanni huɗu ba a ba su albashi ba. Wani mutum ya ce zai ba shi kuɗi masu kauri idan ya jawo aka ɗaga masa katin gargaɗi kafin hutun rabin lokaci. Abokansa sun ce ba komai, tunda ba ƙwallo zai bari a zura musu ba. Na kasa barci. Yaya za mu yi?

Amsa: Malam, gara da ka kasa barcin. Ka kira shi yau ɗin nan.

Wannan magana ta "ai ba sakamako na taɓa ba" kusan kullum sai na ji ta, har ta ishe ni. Kamfanonin caca sun daɗe da wuce wa ya ci, wa aka ci. Ana zuba kuɗi a kan yawan kati, da bugun kusurwa, da minti nawa aka yi kafin a ci ƙwallo. Katin da abokansa suka raina shi ne hajar. Dokar ladabtarwa ta FIFA kuma ta haɗa da murɗa yadda wasa ke gudana, ba sakamako kaɗai ba, hukuncinta dakatarwar aƙalla shekara 5 ne. A Ingila an dakatar da Bradley Wood na Lincoln City shekara 6 a 2018, 5 daga ciki saboda neman kati da gangan. Kynan Isaac na Stratford Town shekara 10 aka yanka masa a 2022. Masu cewa "wa zai gane?" su tambayi waɗannan. Da zarar kuɗi ya taru ba dalili a kan katin ɗan wasa ɗaya, kwamfutar kamfanin cacar ce za ta fara tona asiri.

Amincewa kawai ma ta isa. Samson Siasia, tsohon kocin Super Eagles, ba a tabbatar ya karɓi ko sisi na cin hancin murɗa wasa ba, amma FIFA ta kore shi har abada a 2019, sai a 2021 kotun wasanni ta CAS ta rage zuwa shekara 5. Sannan mutumin da ya yi wa ƙaninka tayin nan ba sau ɗaya zai zo ba. Ranar da ya biya, ya riƙe wuyan ƙaninka, gobe fenareti zai nema.

Ban wanke manya ba. Kulob ya riƙe haƙƙin yaro wata huɗu, hukuma ta yi gum, sunan kamfanin caca kuma na nan ɓaro-ɓaro a allunan filin wasa, amma in ta fashe, yaron ake yankewa hukunci. Abin da takaici. Sai dai babu kwamitin da zai karɓi yunwa a matsayin uzuri.

Kada ya goge saƙonnin, kada ya karɓi ko kuɗin mota. Ya kai rahoto a rubuce ga hukumar gasar, ya riƙe kwafi, domin yin shiru ma laifi ne da ke jawo dakatarwar aƙalla shekara 2. Batun albashi kuwa ƙararsa daban, ya nemo kwantiraginsa tun yanzu.