Manhajata tana mutuwa da lamba 137, in ƙara RAM ne?

Tambaya: Ina da manhajar Java a cikin Docker a kan sabar Linux. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta mutu, babu wani saƙo sai lamba 137. Shin RAM zan ƙara?

Amsa: Dakata da kashe kuɗi tukuna, ɗan'uwa. Lambar 137 jimillar 128 ce da 9, ita kuwa 9 siginar SIGKILL ce. Wato kashe manhajar aka yi. Idan memori ya ƙare, ko kwantena (akwatin da Docker ke gudanar da manhaja a ciki) ta haura iyakar da aka gindaya mata, Linux kan zaɓi shiri guda, galibi wanda ya fi ci, ya halaka shi nan take ba tare da ya bar shi ya rubuta ko kalma ɗaya ba. Duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, ko ka yi docker inspect ka ga ko OOMKilled ya nuna true.

In ka tabbatar, sai ka duba -Xmx, saitin Java na iyakar memori. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe: kwantena tana da gigabait 2, sai su ba -Xmx gigabait 2 cif. Alhali -Xmx rumbun abubuwan da manhaja ke ƙirƙira kawai yake iyakancewa. Kowane zaren aiki yana da nasa wurin, bayanan azuzuwan Java (classes) ma haka, ga kuma abin da ake ajiyewa yayin karɓa da aika bayanai, duk ba a cikin rumbun suke ba. Rage -Xmx, ko a maimakonsa ka sa -XX:MaxRAMPercentage a kusan 70, wato kashi 70 cikin ɗari na memorin kwantena.

Amfanin wannan shi ne Java za ta yi ƙorafin ƙarewar memori kafin Linux ya kashe ta. Ka kunna -XX:+HeapDumpOnOutOfMemoryError don ta bar maka hoton memorin kafin ta faɗi, ka buɗe shi da manhajar binciken memori ta Eclipse MAT ka ga abin da ya cika wurin.

Yadda ka ce sai bayan kwanaki take mutuwa ya sa na fi zargin yoyo, wato manhaja tana riƙe memori ba ta sakewa: wataƙila ma'ajiyar wucin gadi da ba a sa mata iyaka ba, ko haɗi da rumbun bayanai da ake buɗewa ba a rufewa. Idan jadawalin memori yana hawa a hankali ba ya saukowa, to yoyo ne, kuma ƙarin RAM jinkirta mutuwar kawai zai yi. Idan kuwa tsalle yake yi lokaci guda, nemi buƙatar da ke ɗebo dubban layuka gaba ɗaya, ka sa ta riƙa ɗebowa kashi-kashi.

Kada kuma ka kama OutOfMemoryError, kuskuren da Java ke jefawa idan memori ya ƙare, ka ci gaba da aiki, domin ba ka san abin da ya tsaya rabi da rabi ba. Sa -XX:+ExitOnOutOfMemoryError, ka saita Docker ya riƙa sake tayar da ita.