Hawan Afajato a farkon damina: takalmi ya fi komai

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai ka nemi ƙarafunan nan masu tsini da ake ɗaura wa takalmi kafin ku tashi daga unguwar Nima ta Accra zuwa dutsen Afajato da ke yankin Volta na Ghana a watan Afrilu. Kada ka ɓata kuɗinka. Don ƙanƙara aka yi su, a duwatsun Turai da Amurka inda take narkewa da rana ta sake daskarewa da dare. A kan jiƙaƙƙen dutse ma santsi suke ƙarawa.

Namu matsalar laka ce. Afajato bai kai mita 900 ba, amma hanyar hawa daga ƙauyen Liati Wote a tsaye take, kuma da ruwa ya sauka sai saiwoyin itatuwa su koma kamar an shafa musu sabulu. Ni saukowa ta fi ba ni wahala. Da kambas mai lafiyayyen sama amma shafaffen ƙasa na je, rabin hanya da zaune na yi ta.

Ka shiga kasuwar gwanjo ta Kantamanto a Accra, ka kifa takalmin ka duba tafinsa: idan zanen ba shi da zurfi, ajiye shi. Ka riƙe sanda, ku ɗauki ɗan jagora, ku hau da sassafe kafin hadari ya haɗu.