Tambaya da Amsa: Ƙatuwar 'Yar Tsanar Nan

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wata ƙatuwar 'yar tsana tana tafiya a titi, mutane na share hawaye. Mece ce ita?
Daga wata mai karatu a Damagaram

Amsa: 'Yar'uwa, Amal ke nan, siffar yarinya 'yar Siriya da yaƙi ya raba da mahaifiyarta. Kamfanin Handspring na Afirka ta Kudu ne ya ƙera ta, tsawonta mita 3.5. A 2021 ta ratsa kilomita 8,000 daga Gaziantep ta Turkiyya zuwa Manchesta. Akwai mutum cikin ƙirjinta, tsaye kan dogayen sanduna, wasu biyu na motsa hannayenta. Ba ta cewa uffan, kuma a ganina shirun ne ke sa kuka. Fafaroma ya gaisa da ita a Rum, amma a Larissa ta Girka jifan ta aka yi.