Amsa ga Maman Khalifa kan burodin inji da ke lotsawa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Maman Khalifa, na saurari muryarki, na kuma ga hoton. Kin ce burodin yana tashi har ya kusa taɓa murfin injin, yana fara gasuwa sai tsakiyar ta lotsa, cikinsa duk manyan ramuka. Kin kuma ce kin daina sa gishiri saboda hawan jinin maigida, Allah ya ƙara masa lafiya, sannan kin ƙara yis don ya fi tashi. To 'yar uwa, injinki lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wajen abubuwa biyun nan da kika taɓa.

Mutane da yawa suna ɗauka gishiri don ɗanɗano kawai ake sa shi. A'a. Gishiri shi ne linzamin yis. Shi ke rage masa gudu, ya kuma ƙara wa danƙon fulawa ƙarfi yadda zai riƙe iska. Kin cire shi, kin ƙara yis, ga zafin garin nan, ai dole kwaɓin ya kumbura fiye da ƙima tun kafin lokacin gashi ya yi. Da a ce da hannu kike yi, kamar kwaɓin funkaso ko alkubus, kina ganin ya tashi za ki ɗora. Shi kuwa inji ba ya gani, agogonsa yake bi. Ko kwaɓi ya tashi tun ɗazu, sai lokacin da aka tsara masa ya cika zai fara gashi, kin gane? Shi ya sa awo ya zama dole.

Ga fulawa giram 500, gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi ne, wajen giram 8 zuwa 9. Saboda maigida ki rage zuwa cokali ɗaya, amma ki rage yis ɗin shi ma. Kar ki cire gishirin gaba ɗaya. Yis kuma, irin na gari da ake zubawa kai tsaye, cokalin shayi ɗaya da rabi ya isa, a watannin zafi ma ɗaya da ɗan kaɗan. In kina shakkar yis ɗinki, zuba kaɗan a ruwa mai ɗumi da ɗan sukari, ki ba shi minti 10. In bai yi kumfa ba ya mutu. Wanda aka buɗe kuma a ɗaure bakinsa da kyau a ajiye a firij.

Sai fulawa. Abin da ke sa burodi ya tsaya shi ne danƙon nan da ke fitowa idan alkama ta haɗu da ruwa aka murza. Fulawar burodi ta fi ta kek yawan furotin, kamar kashi 12 zuwa 14 cikin 100, don haka in za ki saya ki ce ta burodi kike so. Gero, dawa da masara ba su da wannan danƙon ko kaɗan, in za ki haɗa su kar su wuce ɗan kaɗan. Garin alkama da aka niƙa da dusarsa kuwa yana da amfani ga jiki sosai, amma dusar tana yanka danƙon kuma tana shan ruwa, burodin ya fito da nauyi. Ni rabi da rabi nake ganin ya fi, ki ƙara ruwa cokali biyu.

Ruwa, mililita 300 zuwa 320 ga wannan awon. Amma wannan fa ya danganta da yanayi. Da hunturu fulawa ta bushe, tana neman ƙari. Da damina ta riga ta sha danshi, sai a rage. Bayan minti 5 zuwa 10 da fara murzawa ki buɗe murfin ki leƙa, ba abin da zai same shi. Ki ga kwaɓin ya dunƙule sumul, yana ɗan manne wa yatsa ya saki. In ya yi caɓa-caɓa ƙara fulawa babban cokali ɗaya, in yana farfashewa ƙara ruwa. Kuma don Allah ban da ruwan zafi, yana kashe yis. Yanzu da ake zafi, ruwan randa ma ya fi.

Sukari babban cokali biyu, shi ke ba bayan burodin launin nan mai kyau, yis ma yana ci. In ya yi yawa sosai sai ya janye ruwa, yis ya yi sanyi, bayan kuma ya ƙone. Man gyada ko bota cokali biyu don taushi da kuma kar ya bushe da wuri. Madarar gari in kina so, ba dole ba ce.

Af, Hajiya Babba ta tambaya me ya sa na gida ba ya kai na kasuwa girma. Hajiya, wasu masu gidan burodin suna sa sinadaran ƙara kumburi, har da buromet wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta haramta. Naki in ya fito ɗan madaidaici, daidai ne.

Wajen zubawa, yawancin injina ruwa da mai ne a ƙasa, sai gishiri da sukari, sai fulawa ta rufe su, sannan ki ɗan yi rami a sama ki zuba yis, musamman in kin saita shi ya fara aiki cikin dare. Ki duba littafin injinki dai, wasu akasin haka suke. Kuma aikin yana cin wajen awa 3, ki kunna lokacin da kike da tabbacin wuta.

Ki gwada da wannan awon gobe ki turo mana hoto mu gani. A gaida Khalifa da maigida.