Kafin ka sayar da filin nan

Ƙanena, na ga saƙonka, bidiyon bikin da ka turo kuma sau uku na kalla. Ka ce ka gaji da zaman shagon editin a Zoo Road, kana so ka sayar da filin gadonka ka zo Landan ka karanci gyaran launin fim. Mu fara da bidiyon, maganar fili tana tafe.

Wajen yanka hannunka ya faɗa, ba ni da ta cewa. Amma koma minti na biyu, inda aka yaye wa amarya mayafi. Leshinta ya fito tas, fuskar kuwa kamar an shafa mata toka. Na san abin da ya faru: LUT ɗin nan (shiryayyen saitin launi da ake ɗora wa bidiyo) na shuɗi da ruwan goro da ake rabawa kyauta ka ɗora. Aikinsa ya tura duhun hoto zuwa shuɗi, ya bar haske a ruwan goro. Fuskar Bature tana ɓangaren haske, sai ta tsira. Tamu fatar kuwa can ƙasa-ƙasa take zaune, daidai inda shuɗin yake sauka. Ba yau aka fara ba. Kodak ta yi shekaru tana daidaita launi da hoton Baturiya, katin da ake kira Shirley.

Sai an wanke hoto ake yi masa kwalliya. Ka fara daidaita fari ya zama fari, baƙi ya zama baƙi, kowane shot ya yi daidai da ɗan'uwansa. Sannan ka buɗe bektoskof, ma'aunin launi, a manhajar DaVinci Resolve, ka kunna layin da ke nuna launin fata. Abin da ya ba ni mamaki ranar da aka nuna mini shi: da Bafulatana ja jawur da baƙi wuluk, duk kusa da layin nan suke faɗawa, bambancin a haske yake. Ka kewaye fuskar, ka dawo da ita kan layi, ka ɗaga ta kaɗan. Kaɗan na ce, kada dangin ango su ce bilicin take yi.

Ido maƙaryaci ne. Na taɓa kwana ina gyara wani aiki a laftof kusa da taga, da safe aka sa a allon ofis, duk fuskokin sun yi kore-kore, na rasa inda zan sa kaina. Shi ya sa ɗakin gyaran launi a nan ba taga, bangonsa ruwan toka, allon an auna shi a kan Rec.709, ƙa'idar launin talabijin, haskensa a ma'aunin hasken allo nit 100. Kai ko labule mai kauri ka samu, ka rage asara. In ka gama ka duba a ƙaramar waya, don a nan mutanenka za su kalla.

To, batun zuwa. Shekarata ta farko a Soho, unguwar kamfanonin fim a Landan, shayi nake haɗawa, ina kai hard disk daga wannan kamfani zuwa wancan cikin ruwan sama. Da yawa ta nan suke shiga, har masu digiri. Bizar ɗalibi awa 20 ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, kuma ta hana ka aikin kanka, alhali yawancin ƙananan ayyukan launi na masu zaman kansu ne. Ga kuɗin lafiya fam 776 duk shekara da za ka biya tun kafin ka taso, ban ma taɓo haya ba. Kuɗin filin nan zai narke kafin ka gane hanyar jirgin ƙasa.

Resolve kyauta ce, littattafan koyonta ma Blackmagic, kamfanin da ke yin ta, ta zuba su kyauta a shafinta. Baselight, manhajar gyaran launi ta manyan kamfanoni, ita ce zai yi wuya ka samu a gida, ita kuma a bakin aiki ake koyonta. Abin da ake nema a nan ka fi mu kusa da shi: wanda ya iya fitar da baƙar fata a ƙarƙashin farar shadda da tsakar rana, ko cikin hazon hunturu. Ka yi shekara guda kana tara irin wannan, sai mu nemi tallafin karatu da shi.

Yanzu dai cire LUT ɗin, ka gyara mini daƙiƙa 30 na wurin mayafin. Ka turo ta Google Drive tare da asalin fayil na kamara, WhatsApp matse hoto yake yi. Ka gaishe da Hajiya. Ta ma san da maganar filin kuwa?