Na yi azumi ina neman nufin Allah kan ajiyar masara, amma shiru

Tambaya: Baba Fasto, ina sayar da hatsi a kasuwar Saminaka. Na kwashi adashi, sai yayana ya ba ni shawara in sayi masara yanzu da kaka, in ajiye har tsakiyar damina lokacin da take tsada. Wata a zumuntar mata kuma ta ce ɓoye abinci zunubi ne. Na yi azumin kwana uku ina roƙon Allah ya nuna mini ko a mafarki, ban ga komai ba. Yaya zan san nufinsa?

Amsa: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Na ji daɗi ƙwarai da kika sa Allah cikin maganar buhun masara, don da yawa sai ciniki ya ɓaci suke tunawa da shi. Amma shirun nan da kike gani kada ya tayar miki da hankali. Abin da kike jira a mafarki, an riga an rubuta yawancinsa a Littafi Mai Tsarki.

Ajiya ita kanta ba laifi ba ce. A Farawa 41, Yusufu ya ba Fir'auna shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekara bakwai na ƙoshi, kuma da yunwa ta zo ya buɗe rumbunan ya sayar wa mutane. Da kowa zai sayar da hatsinsa kaf da kaka, me za a ci a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani kuma bai nuna ba? Mai ajiya yana yi wa gari hidima, ribarsa kuwa halal ce.

Ita ma 'yar'uwarki ta zumunta ba daga iska ta ɗauko maganarta ba. Karin Magana 11:26 ya ce jama'a sukan la'anci mai hana hatsi, albarka kuwa tana kan mai sayarwa. Bambancin yana ga lokacin da ake buɗe ɗakin ajiya. Akwai wanda ke fito da kayansa in kasuwa ta nema. Akwai kuma wanda zai ji maƙwabta na kwana da yunwa, ya ƙara wa ƙofa kwaɗo, yana jiran farashi ya ƙara hawa. Wannan na biyun ne ayar take nufi.

Inda nake so ki fi zuba ido shi ne Amos 8:4-6. Annabin yana magana da 'yan kasuwar hatsi irinki, masu Allah-Allah Asabar ta wuce su buɗe ciniki, suna rage mudu, suna ƙara kuɗi, har dattin alkama suna haɗawa su sayar. Ke kin fi ni sanin yadda ake yi. Mudun saye daban, na sayarwa daban, an bubbuga gindinsa ya shige ciki. A zuba mai kyau a bakin buhu, mai ƙwari a ƙasa. Wanda ya fi damuna shi ne maganin ƙwari da ake barbaɗawa fiye da ƙima, a kai hatsin kasuwa kafin ƙarfinsa ya fita, wata uwa ta saya ta tuƙa wa yaranta tuwo. A kan waɗannan ba kya bukatar azumi ko mafarki. Allah ya riga ya ce a'a. In za ki ajiye, ki busar da masarar sosai, ki nemi buhunan nan masu leda ciki da ke toshe iska, waɗanda ba sa bukatar magani.

Game da neman alama, mutane suna yawan kawo mini labarin Gidiyon a Mahukunta 6, wanda ya shimfiɗa ulu a ƙasa ya roƙi Allah ya ba shi alama ta hanyar raɓa. Su kan manta cewa Allah ya riga ya gaya masa abin da zai yi, tsoro ne ya sa ya nemi ƙari, Allah kuma ya yi masa haƙuri. Ni na fi so ki dubi Bulus a Ayyukan Manzanni 16. Yana cikin tafiya ne Ruhu ya hana shi wa'azi a Asiya, ya nufi Bitiniya aka sake tare shi, sai a Taruwasa ya ga wahayin wani mutumin Makidoniya yana roƙonsa ya je ya taimake su. Bai zauna a ɗaki yana jira ba. Allah ya ba ki hankali da shekarun da kika yi a kasuwa, ki yi aiki da su kina addu'a, in zai tare ki ya san hanya.

Sai lissafi, wanda Yesu da kansa ya yaba a Luka 14:28. Farashi ba ya hawa kowace shekara, an sha ganin masu ajiya sun fitar da kaya ƙasa da yadda suka saya. Saboda haka Yakubu 4:13-15 ya gargaɗi masu cewa za mu je gari kaza mu ci riba, ya ce su riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. Kuɗin adashin nan, akwai na makarantar yara a ciki? Za ki iya ci gaba da zubi in masarar ta yi wata bakwai a ɗaki? Kin zauna da maigidanki, ko da yayanki kaɗai kuka yanke? Bashin da zai hana ki cika alkawari, ki guje shi.

Da ni ne, rabin kuɗin zan sa a ajiya, rabi ya ci gaba da juyawa a rumfa. Tun ranar da buhunan suka shiga ɗaki, ki tsayar da watan da za ki fara fitarwa, ki kuma ware buhu ɗaya da ba na sayarwa ba, na gwaurayen unguwarku in damina ta yi tsanani. Ki gaya wa 'yar'uwar nan ta zumunta shirinki, ki roƙe ta ta tuna miki in watan ya zo.