Tambaya da Amsa: Sojojin Sufuri na Sikotlan

TAMBAYA: Malam, na ji wai a Sikotlan akwai sojojin da ke da sana'arsu ta farar hula, kuma su ne ke yi wa soja jigilar kaya. Yaya abin yake? (Mai karatu daga Zariya)

AMSA: Haka ne, malam. Runduna ta 154 ce ta sojojin ko-ta-kwana, hedikwatarta tana Dunfermline, tana da rassa a Glasgow da Edinburgh da wasu wurare. Tana ƙarƙashin Royal Logistic Corps, wato sashen sufuri da kayan aiki na sojan Birtaniya, wanda aka kafa a 1993. Mutanenta suna da ayyukansu a gari, amma ana bukatar kowa ya ba da aƙalla kwana 27 a shekara: atisayen yamma, wasu ranakun ƙarshen mako, da sansanin mako biyu. A nan ake koya musu tuƙin manyan motoci, har su sami lasisin C, sannan C+E na jan tirela. Mai ɗaukar harsashi ko mai kuwa sai ya ƙara da takardar ADR ta kaya masu hatsari.

TAMBAYA: Ni direban tirela ne. Wace mota suke tuƙawa, kuma me ya fi jawo musu matsala a hanya? (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Sannu da ƙoƙari, direba. Motocin kamfanin MAN ne, akwai mai ɗaukar tan 6, da tan 9, da tan 15. Wani nau'in babbar yana da ƙugiya mai aiki da haidurolik, tana janyo shimfiɗar ƙarfe da kayanta gaba ɗaya daga ƙasa ta ɗora a bayan mota, ba sai an jira masu lodi ba.

Matsalar kuwa, a ganinmu, ɗauri ne kan gaba. Ƙa'idar Birtaniya ita ce ɗaurin ya iya riƙe dukan nauyin kaya ta gaba, da rabinsa ta gefe da ta baya, domin idan aka taka birki da ƙarfi gaba kayan ke rugawa. Shi ya sa ake jingina su da bangon gaba, a cike duk wani giɓi. Bel ɗin da ya bi ta kan kaifin akwati ba tare da an sa masa kariya a kusurwa ba, a hankali zai tsinke. Kuma kaya suna zaunawa bayan an ɗan yi tafiya, bel ya saki, don haka a tsaya a sake ɗaure shi tun ba a yi nisa ba. Ita kuma babbar motar, mai tayoyi takwas, tana da tsayi. In aka sa mai nauyi a sama, ko tankar mai ta tashi rabi, lanƙwasar hanya ɗaya ta isa ta kifar da ita.

Sai tafiyar ayari. Na gaba in ya ƙara gudu kaɗan, na ƙarshe sai ya yi ta tsere kafin ya cim musu, in an rage kuma a dunƙule, nan ake karo ta baya. Maganinsa a raba ayarin ƙananan rukuni, jagora ya riƙe gudu ɗaya. Kafin a tashi kuma, kowane direba ya duba baƙin mai, ruwan lagireto, iskar taya, notocin taya, fitilu, da ko iskar birki ta cika.